Karatun kwamfuta a jami'a: ɗiyanmu takarda za su kawo mana ko sana'a?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da alhazan da ke zaune bakin butik, kowace shekara da zarar sakamakon bak ya fito, lissafi ɗaya ne ke shiga gidajenmu: ina za a kai yaro, kuma nawa za a biya? Mai tuyar ƙosai ta kwashi adashinta, mai sayar da hatsi ya taɓa jarinsa, wani ya kai rago kasuwa, duk domin a rubuta ɗa ko ɗiya a jami'a ko a ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da suka cika Yamai da Maraɗi da Damagaram. A ƴan shekarun nan, idan aka tambayi yaran abin da suke so su karanta, da yawansu amsa ɗaya suke bayarwa, wato anformatik, karatun kwamfuta, wadda muka fi sani da ordinatar. Iyaye kuwa sai murna, tun da an ce nan ne aiki yake. To amma bayan shekara 3 yaro ya dawo da lisans cikin ambulan, ranar da mahaifinsa ya ce masa ga kayen bashin butik nan ya ishe ni, shirya mini abin da zai riƙe mini shi cikin waya, sau da yawa sai yaro ya shiga sosa ƙeya. Yaron na da ƙwaƙwalwa, matsalar ita ce tun da ya shiga makarantar ba a taɓa sa shi ya yi wa wani mutum aiki na gaske ba.

Muna ganin wannan magana ta shafi ɗan kasuwa ta fuska biyu. Shi ne mai biyan kuɗin karatun, shi ne kuma wanda aikin waɗannan yara zai faɗa wa a ka. Yau kuɗin da ake aikawa daga Yamai zuwa Tawa ta Nita ko Al Izza, ko ta wayar Airtel da Moov, cikin na'ura suke bi. Kayan da ke tsaye a duwan ba su fita sai an shigar da takardunsu cikin SYDONIA. Faktir ɗin nan mai shaidar ma'aikatar lanho da aka shigo da ita a farkon shekarun 2020, wadda ta jawo gunaguni cikin kasuwanni, ita ma na'ura ce ke buga ta. Bayan kowace ɗaya daga cikin waɗannan akwai manhaja, abin da ƴan lakwal ke kira lojisiyel, wato jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura domin ta san abin da za ta yi. Ɗan adam ne ya rubuta umarnin, kuma a wata makaranta ya koya. Irin koyarwar da ya samu ita ke nuna ko kuɗinmu za su kwana lafiya.

Abin da ya sami masu gidan waya a Birtaniya

Wanda yake ganin zuzuta abin muke yi, ya saurari wannan labari. A ƙasar Birtaniya, galibin ƙananan ofisoshin gidan waya na unguwanni da ƙauyuka ƴan kasuwa ne ke riƙe da su cikin kantinsu, gefe guda ana sayar da jarida da burodi, gefe guda ana biyan fansho da aika kuɗi, kamar dai yadda mai butik a nan yake haɗawa da aika kuɗi ta waya. A 1999 aka kawo musu wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin ICL, mallakar Fujitsu na ƙasar Japan, ya ƙera. Ba a jima ba na'ura ta fara nuna wa wasu cewa kuɗi sun yi giɓi a akwatinsu, alhali ba su taɓa ko dala ba. Yarjejeniyarsu da gidan waya ta ɗora musu cika giɓin daga aljihunsu. Da yawa daga waɗanda suka koka an ce musu su kaɗai ne ke da wannan matsala. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 gaban shari'a bisa zargin sata ko ƙaryar lissafi. Wasu sun rasa gidajensu da jarinsu, wasu sun shiga kaso, har da mace mai juna biyu. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai sun shigar da ƙara, babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakuran da ke iya haifar da irin wannan giɓi. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar da ta wanke ɗaruruwa. Rahoton kwamitin bincike da ya fito a watan Yuli na 2025 ya ce mai yiwuwa aƙalla mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan bala'i.

Laifin ba na masu rubuta manhajar kaɗai ba ne, domin shugabannin gidan waya sun daɗe suna musun gaskiyar da ke gabansu. Amma abin lura shi ne, waɗanda suka rubuta Horizon sun san yaren na'ura. Inda aka faɗi shi ne wajen gwada aikin kafin a sake shi, da rubuta kuskure a fili idan an gano shi, da sauraron mai kanti idan ya ce lissafin nan ba daidai yake ba. Waɗannan halaye ne na aiki, kuma ɗalibin da ke zaune shi kaɗai gaban takardar jarrabawa ba shi da inda zai koye su.

Masana sun daɗe da gane wannan. Tun 1968 ƙungiyar OTAN ta tara ƙwararru a garin Garmisch na ƙasar Jamus saboda manyan ayyukan manhaja suna ta wuce wa'adi, suna cin kuɗi fiye da yadda aka tsara, a ƙarshe kuma su ƙi aiki. Daga wannan taro ne sunan injiniyancin manhaja ya bazu. Ma'anar a saukake: akwai bambanci tsakanin wanda ya iya ɗinka wando ɗaya a ɗakinsa, da wanda zai karɓi ankon mata 200 saura sati 2 biki, ya raba wa tela 5, kowa ya yanka daidai da awo, hannun rigar da wannan ya ɗinka ya shiga jikin rigar da wancan ya ɗinka, uwar biki ta zo tsakiyar aiki ta ce a canza wuya, kuma duk da haka kaya su fita ranar da aka yi alkawari. Na farko ya iya ɗinki. Na biyu shi ne mai shago.

Yadda wasu jami'o'i suka mai da aji kasuwa

A shekarun 1970, malamai 2 na jami'ar Toronto a ƙasar Kanada, Jim Horning da David Wortman, suka fito da wata dabara da muke jin za ta burge duk wanda ya san ciniki. Sun raba ɗalibansu ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya ta zama ɗan ƙaramin kamfani. Kowane kamfani zai rubuta ɓangare ɗaya na aikin, ya tallata shi ga sauran, sannan dole ya sayi ɓangaren da ya rage masa daga hannun wani kamfani ya haɗa da nasa. Ciniki ake yi da kuɗin wasa, amma abin da aka samu yana shiga cikin maki. Wanda ya rubuta abin da shi kaɗai ke ganewa, kayansa su yi kwantai. Wanda ya yi kwaɗayin araha ya sayi ruɓaɓɓe, shi zai kwana yana gyara. Sun ba dabarar suna Software Hut, wato ƴar bukkar manhaja, kuma sun buga bayaninta a 1977.

Jami'ar Sheffield, a tsohon garin maƙeran ƙarfe na Ingila, ta ɗauki wannan suna a ƙarshen shekarun 1980 ta ƙara masa abu mai muhimmanci, wato abokin ciniki na gaske. Ana nemo mutane daga wajen sashen, masu kamfanoni da ƙungiyoyi da ofisoshi, waɗanda ke da wata buƙata da ta dame su. Ɗaliban shekara ta biyu a raba su ƙananan ƙungiyoyi, a ba ƙungiyoyi da dama mutum ɗaya, kowace ta yi masa nata aikin cikin ƴan watanni. Su za su zauna da shi su tambaye shi, su za su rubuta abin da aka yi alkawari, su kawo masa ya gani ya ce a'a ba haka nake nufi ba. A ƙarshe shi ne zai duba ayyukan ya zaɓi wanda ya fi masa, ya tafi da shi ya yi amfani da shi, kuma ra'ayinsa na shiga cikin makin ɗalibai. Daga baya ma suka kafa wani kamfani mai suna Genesys a cikin jami'ar, wanda manyan ɗalibai ke tafiyar da shi da kansu. A ƙasar Danmak kuwa, jami'ar Aalborg tun buɗe ta a 1974 ta ɗora karatunta bisa wannan turba, inda kimanin rabin lokacin ɗalibi ke tafiya cikin aikin ƙungiya kan wata matsala ta zahiri, kowane zango da nasa aikin.

Me yaro yake koyo a nan wanda allo ba ya koya masa? Abu na farko da ke ba shi mamaki shi ne, mai aiki ba ya iya faɗin abin da yake so gaba ɗaya a zama guda. Bari mu kawo misalin kusa. A ce an tura ɗalibai 5 wurin wata Hajiya mai sayar da hatsi da wake a Maraɗi, ta ce musu tana son abin da zai riƙe mata bashi. Su koma su shirya mata wuri 3: suna, kaya, kuɗi. Ranar da suka kawo, ta ce a rubuta wa wance dala ɗari, yaro ya danna 100, alhali dala ɗari sefa 500 ce. Ta ce an ɗauki tiya 12, na'urarsu kilo kawai ta sani. Tana saye da buhu tana sayarwa da tiya, kuma adadin tiyar da ke fita cikin buhu ba kullum yake zama ɗaya ba. Tana da masu bashi 4 duk sunansu Hadiza, ita da laƙabi da unguwa take rarrabe su. Wani da naira yake biya, a canjin ranar. Wata rabi ta kawo, ta cika da gyaɗa. Akwai la'adar dillali. Akwai bashin da ba a tambaya sai kaka, akwai kuma wanda ta san ba za a biya ba, na ƴar'uwa ne, amma ba ta so a goge shi. Sannan rumfarta rezo ba ya kamawa sosai, kuma ita ba ta karanta faransanci. Duk wannan babu wanda zai same shi cikin littafin da aka rubuta a Faransa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗalibin da ya sha wannan kunya sau ɗaya a gaban Hajiya, har ya tsufa ba zai sake fara aiki ba tare da ya zauna ya yi tambaya ba.

Manyan kamfanoni ma ta wannan hanya suke gane gaskiya. M-Pesa ta ƙasar Kenya, wadda ta zama abin misali wajen aika kuɗi ta waya, da farko an tsara ta ne domin masu ƙananan basussuka su riƙa biyan bashinsu ta waya. Da aka gwada ta a garin Thika daga 2005, sai aka ga mutane sun mai da ita hanyar aika wa juna kuɗi da ajiye su lokacin tafiya. Kamfanin ya bi abin da jama'a suka nuna masa, ya sake tsari, ya fito da ita a 2007. A nan gida ma an shaida cewa ɗan kasuwa ba ya gudun sabon abu idan yana da amfani. Binciken da Jenny Aker ta yi kan kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006 ya nuna cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ƴan kasuwa sun riƙa tambayar farashi kafin su ɗora kaya a mota. Ba wanda ya yi musu taron horo a otel.

Abu na biyu shi ne zama da mutane. Cikin ƙungiyar mutum 5, za a sami mai kaifin kai da ke son ya yi komai shi kaɗai, da mai yawan magana, da wanda zai ɓace sai ranar gabatarwa ya bayyana da sabuwar riga. Dole su raba aiki, su sa ranar haɗuwa, su yarda da wanda zai yanke magana idan an saɓa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani ƙaton aikin manhaja a kamfanin IBM a shekarun 1960, ya yi bayani a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane cikin aikin da ya riga ya makara ƙara masa latti yake yi. Dalilin a fili yake: mutum 5 hanyoyin magana 10 ne tsakaninsu, mutum 10 kuwa hanyoyi 45, kuma kowane sabon zuwa sai an tsaya an koya masa. Ɗalibi zai iya haddace wannan ya rubuta a jarrabawa, amma ba ya shiga jikinsa sai daren da suka kira abokai su taimaka, gari ya waye aikin ya fi jiya lalacewa.

Na uku shi ne duba aikin juna. A kamfanonin da suka san abin da suke yi, gyaran da mutum ya rubuta ba ya shiga cikin manhaja sai wani ya karanta ya amince, kuma an gwada an ga bai ɓata wani wuri ba. Matan Maraɗi ba su buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama, an gina shi ne bisa cewa ana zubi a gaban kowa, ana ƙirga a gaban kowa, kuma a tsarin da ya yaɗu daga gare shi akwatin kwaɗo 3 gare shi, makullan a hannun mata 3. Wannan ba zargin sata ba ne ga kowa, hanya ce ta hana kuskuren mutum ɗaya ya cinye dukiyar jama'a.

To, a nan Nijar fa?

Makarantu dai an samu. Bayan jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, a 2010 an kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ga EMIG, ga IAI, ga makarantun kuɗi masu yawa. Za a ce mana ai ɗalibanmu na zuwa sitaj, suna kuma rubuta memwar a ƙarshen karatu. Gaskiya ne, kuma akwai malaman da ke ƙoƙarin haɗa ɗalibansu da ayyuka na gaske, muna jinjina musu. Amma sitaj na wata 2 ko 3 a ƙarshen karatu, inda sau da yawa yaro ke ƙarewa wajen buga takardu da kai saƙo, bai kai ga abin da muke magana ba. Memwar kuwa galibi aikin mutum ɗaya ne ko biyu, ana nuna shi na ƴan mintoci gaban malamai, a tafa, a ci abinci, a ɗauki hoto, daga nan manhajar ta kwanta cikin kwamfutar mai ita. Ba wanda ya yi amfani da ita ranar kasuwa, saboda haka ba wanda ya san ko tana aiki.

Ba za mu ɓoye wa masu karatu cewa wannan hanya na da nata wahalhalu ba. Tana cin lokacin malami ƙwarai. Karanta darasi ga ɗalibai 200 a babban zaure abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da bin ƙungiyoyi 40 kowane mako, ana sasanta rigimarsu, ana lallashin mai aikin da ya fara gajiya. Malamin da ke gudu tsakanin makarantu 3 don ya cika albashinsa ba zai iya ba. Sai kuma maganar maki: yaya za a raba tsakanin wanda ya yi aikin da wanda ya laɓe bayan abokansa? Wannan gardama har a Danmak an yi ta, inda gwamnati ta hana jarrabawar ƙungiya a 2006, daga baya aka maido da ita. Amma yau akwai sauƙi, domin kayan aikin da ake ajiye manhaja a ciki, irin su Git da aka ƙirƙiro a 2005, suna rubuta kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Malamin da ya buɗe ya duba, ya kuma yi wa kowane ɗalibi tambaya shi kaɗai, zai gane mai aiki da ɗan rakiya.

Akwai kuma matsalolin da ke namu na gida. Wutar kuran ba ta da tabbas, kowa ya tuna yadda aka sha daga Agusta 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har zuwa Maris 2024. Yajin aiki na malamai da na ɗalibai yakan sa shekarar karatu ta hau kan wata, alhali mai butik da aka yi wa alkawarin aiki kafin azumi ba zai jira a sasanta da gwamnati ba. Duk da haka, idan aka kwatanta da karatun likita ko na ma'adinai, wannan fanni shi ne mafi araha wajen kayan aiki. Kwamfutar hannu, wayar da za a gwada, da ɗaki mai faranti na hasken rana sun isa a fara, kuma yawancin kayan rubuta manhaja kyauta ake samun su. Rashin wuta da rashin rezo ma darasi ne, domin wanda ya koyi ƙera abin da ke aiki ba tare da intanet ba, ya ajiye lissafi har sai rezo ya dawo, shi ne ya ƙera abin da ya dace da kasuwar Galmi ko ta Matamai.

Wani sabon abu ya ƙara sa maganar ta zama ta gaggawa. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamba 2022, ita da ire-irenta suna rubuta ƙananan umarnin na'ura cikin ƙiftawar ido. Aikin gida irin na da, wanda malami zai ce rubuta abin da zai jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, yau yaro na iya samun amsarsa a waya kafin shayi ya tafasa. Ke nan makin da aka samu ta wannan hanya ya daina nuna komai. Abin da ya rage wa ɗan adam shi ne ya san abin da za a tambayi na'urar, ya iya gane inda ta yi kuskure, domin tana yi, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya miƙa wa mai aiki. Na'urar ba ta je rumfar Hajiya ba, ba ta san cewa Hadiza 4 ne ba. Makarantar da ta ci gaba da koyar da haddar umarni kawai, tana karɓar kuɗin iyaye ne tana koya wa ɗiyansu ɓangaren sana'ar da ya fi saurin faɗuwa daraja.

Inda ɗan kasuwa ke da ta cewa

Mu a ganinmu, ƴan kasuwa na riƙe da abin da jami'o'in nan suka fi buƙata, wato matsaloli na gaske. Masu albasa na Galmi da ke bin motocinsu har Abijan da Akara, masu shigo da kaya ta Ɗan Isa da Ƙonni, masu sayar da magungunan dabbobi, ƙungiyoyin mata masu asusu da ke da zubi da tara da riba da rabon ƙarshen shekara, kowannensu na da lissafin da ke hana shi barci. Cibiyar ƴan kasuwa ta ƙasa, wadda muke kira Shambar da Komers, tana da rassa a jahohi, kuma ba abin da zai hana reshen Maraɗi ko na Damagaram ya tattara irin waɗannan buƙatu kowace shekara ya miƙa wa sashen kwamfuta na jami'ar garin. Aikin da ya yi kyau, cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni irin su CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014 na iya ɗaukar yaran su ci gaba da shi. Iyaye kuma, kafin su zube jika ɗari-ɗari a makarantar kuɗi, suna da haƙƙin su tambayi darakta: a cikin shekara 3 ɗin nan, sau nawa ɗana zai yi aiki cikin ƙungiya? Wa aka yi wa aiki bara, kuma yana amfani da shi har yau? A nuna mana. Wanda ke sayen buhu yana soka masa tsinke ya ga ƙwayar, bai kamata ya sayi karatu da ka ba.

Sai dai duk wanda zai buɗe wa ɗalibai ƙofarsa ya yi da sharaɗi, domin masu koyo ne. Mun san abin da ke sa ɗan kasuwa ƙin nuna kayensa: tsoron kada sirrin jarinsa ya fita, ya kai kunnen abokin hamayya ko na ma'aikatar lanho. Tsoron na da hujja. Ɗalibai ba su buƙatar sunayen gaskiya ko adadin gaskiya don su yi aikinsu, ana iya ba su shafukan da aka canza wa suna da lamba. Ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma ya kamata makaranta ta sa hannu a takarda cewa abin da aka gani a butik ya tsaya a butik. A cikin takardar nan kuma a rubuta wanda zai gyara manhajar idan ta lalace bayan yaran sun gama sun watse, ko ajin da ke biye ne zai gaje ta, ko wani malami ne zai tsaya, domin wannan shi ne ramin da irin waɗannan ayyuka suka fi faɗawa. Kada a bari kuɗi na gaske su bi ta cikin aikin ɗalibai, a tsaya ga rubuta lissafi da tunatarwa. Kaye kuma kada a jefar da shi. A riƙa rubutawa a waya da kaye tare na wata 3 ko fiye, kuma ranar da lissafin biyu suka saɓa, a kira ɗaliban da malaminsu su zo butik su zauna su nemo inda kuskuren yake, kafin a ɗaga murya a kan yaron kanti.